Daren da Amita ya mutu kuma ya dawo

Satin da ya wuce na je gida gaisuwar rasuwa, na bi ta bayan tasha, sai na ga tsohon silimar Kawu an jibge shi da buhunan aya har kusan saman katanga. Bangon da muke haska fim yana nan, farin ne kawai ya dushe. Na daɗe tsaye a wurin har mai gadi ya tambaye ni ko sayen aya na zo.

Silimar ba ta da rufi, fili ne da katanga. Dala ashirin ka zauna benci a gaba, dala arba'in ka samu kujerar ƙarfe a baya. Duk aikin na gida ne: Kawu a kan inji, babban ɗansa a bakin ƙofa yana yagar tike, matarsa tana aiko gyaɗa da alewa a tire. Ni kuma in na taso daga lakkol, in ɗauki allon da aka manna hoton fim in zaga kasuwa ina kaɗa ƙararrawa. Baba bai taɓa son abin ba. A wurinsa silima matattarar ƴan iska ce, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwar Kawu. Amma kuɗin littattafaina da na kayan lakkol daga wannan ƙofar suka riƙa fitowa, kuma ya sani.

Da na ƙara wayo aka shigar da ni ɗakin inji. Injinmu ɗaya ne, kowane bobin minti ashirin yake, in ya ƙare sai a tsaya a ɗaura wani, ƴan kallo suna ta fito da zagi. Aikina in jera gwangwanayen bi da bi in miƙa wa Kawu.

Wani dare muna haska Sholay, fim ɗin da ya haura awa uku, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na miƙa masa bobin na kusa da ƙarshe tun lokacinsa bai yi ba. Amita ya sha harbi a bakin gada, ya cika a hannun abokinsa. Fili ya yi tsit, wallahi har da masu sharar hawaye. Da na gane ɓarnar da na yi, jikina na rawa na miƙa wanda na tsallake. Sai ga Amita zaune lafiya lau yana busarsa da dare. Ihun da aka yi a wannan fili ban sake jin irinsa ba. Wani tsoho ɗan dako ya hau benci yana cewa "Ai na faɗa muku, yaron nan yana da layar ƙarfe!" Na jira mari. Kawu ya dube ni, ya dubi jama'a ta ƴar tagar, ya ce, "Kai dai, yaro, je ka wanke ido." Kashegari waɗanda suka dawo suka yi ta rigima wai an yanke musu wurin da ya tashi.

Bidiyo ne ya fara cin kasuwarmu, kowace unguwa da rumfarta, dala biyar ka kalli fim. Sai kuma aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kuɗin hayar fim da na kayan gyaran inji suka yi sama. Kawu ya jure kamar shekara biyu, wani daren mutum bakwai yake haska wa fim, shi kansa man janareto ba ya fita.

Bayan rasuwarsa, wajen rabon gado, ba wanda ya nemi injin. Ni aka sa na kai shi wurin masu sayen ƙarfe, aka ɗora a sikeli. Madubin gabansa kawai na cire na sa aljihu, yana nan cikin akwatina a Yamai. Yarana sun ɗauka gilashin ƙara girman rubutu ne.