Ƙwaron bogi da gashin zakara

1/ Jama'a, a nan Ingila na koyi wani aikin hannu: ɗaura ƙwaron bogi a jikin ƙugiya don kamun kifin trout. Ba tana, ba tsutsa. Zare da gashin tsuntsu kawai.

2/ Sharaɗin shi ne ya tsaya a saman ruwa kamar ƙwaro ne ya sauka. Shi ya sa ake neman gashin wuyan zakara, yana da tauri. Na kaza laushi gare shi, ya sha ruwa ya nutse. In gashin ya yi yawa kuma, kana kallo kifi zai taso, ya leƙa, ya juya abinsa. Akwai ciwo fa.

3/ Lamba na hawa, ƙugiya na ƙanƙancewa. Mai lamba 18 kusan tsawon ƙwayar shinkafa ce.

4/ Frederic Halford, wanda ya fitar da littafi kan aikin a 1886, a kogin Test ya yi suna. Yau kamun yini ɗaya can yakan ci ɗaruruwan fam.

5/ Ni ɗalibi ne. Ina ɗaurawa da dare, 'yan kulob na saye, ina rage kuɗin haya. Ƙwarina sun sha zuwa Test, ni ko gaɓarsa ban taɓa takawa ba.