Baka biyun da na manta

Wannan makon ni aka ɗora wa rubutun, na ce bari in ba ku labarin wani kuskure da na tafka da hannuna, wanda har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Bayan na gama difloma a fannin kwamfuta, ƙungiyarmu ta shirya gasar gajerun labarai. Da ma ta WhatsApp ake turo labari, wasu su ɓace, wasu a turo su sau uku. Ni kuwa ga zumuɗin sabon ilimi, na ce zan gina shafi. Marubuci ya shiga ya ajiye labarinsa, in ya gamsu ya danna "miƙa". Alƙalai kuma kowa ya ga kasonsa kaɗai. Da PHP da MySQL na haɗa shi, cikin dare kusan goma.

Irin wannan shafi ɓangare biyu ne. Akwai wayar mai amfani, ita ke aika buƙata. Akwai sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanai tana ba da amsa. Kowannensu na da sharaɗin da yake so a tace sakamako da shi. Alƙali zai iya cewa a nuna masa labaran soyayya kawai, wannan sharaɗinsa ne, don sauƙinsa. Sabar kuma tana da nata wanda ba a ciniki a kansa: labarin ya zama an miƙa shi, kuma kason wannan alƙalin ne. Aikina shi ne in ɗaure sharuɗɗan biyu su zama tambaya guda kafin a kai wa rumbun.

Abin da na yi, na ɗauki na alƙali na ajiye a gaba, na sa kalmar AND, na liƙa na sabar a bayansa. Na gwada da jigo ɗaya, ya yi daidai. Na gwada da wani, ya yi. Na kwanta ina jin kaina gwani.

Kwana biyu da fara alƙalanci wata Anti cikin alƙalan ta kira ni. "Ƙanena, labarai 12 aka ce nawa, ga shi ina ganin sun ninka. Har da wanda bai kai ƙarshe ba." Na ce, "Anti, me kika danna?" Ta ce soyayya da zamantakewa ta zaɓa a tare.

Nan gabana ya faɗi. Idan aka zaɓi jigo biyu, wayar na haɗa su da OR, ma'ana wannan ko wancan. A harshen SQL kuwa AND ta fi OR ƙarfin kamu, ita ake fara warwarewa, kamar yadda ake fara yin sau kafin tarawa a lissafi. Ku ɗauka an ce wa mai gadin ƙofar biki, "Ka shigo da masu farar riga ko masu hula da ke riƙe da katin gayyata." Mutum zai gane kowa ake nufi da katin. Kwamfuta ba haka take ji ba. A wurinta masu hula ne kaɗai za a tambaya kati, duk mai farar riga ya wuce abinsa. Haka sharaɗin sabar ya manne wa zamantakewa kawai, labaran soyayya kuma suka zubo gaba ɗaya, na kowane alƙali, da waɗanda masu su ba su ma miƙa ba. Baka biyu da zan zagaye sharaɗin alƙali da su, su na manta. (Mu da ke raba dare a nan zauren muna musu kan inda waƙafi zai zauna, ga shi alamar rubutu ce ta kayar da ni.)

Gyaran farko bai kai minti biyar ba. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga bakan ma ba su wadatar ba. Muddin ina karɓar ɗanyen rubutu daga waya ina cusa shi cikin tambaya, mai wayo zai iya rufe bakan da kansa ya ƙara nasa OR ɗin. Sai na rushe wurin. Yanzu waya ba ta turo jimla, suna da ƙima kawai take turowa, kamar jigo da abin da aka zaɓa. Sabar ta duba ko sunan na cikin 'yan kaɗan da na amince da su, ta gina tambayar da kanta, ƙimar kuma ta bi ta gurbin da aka tanada don kada a karanta ta a matsayin umarni. Lambar alƙali ma daga shigarsa ake ɗaukowa, ba daga abin da wayarsa ta faɗa ba. Sharaɗin mai amfani yana iya rage abin da aka halatta masa, ba ya iya ƙara ko labari ɗaya.

Daga baya na ga ba ni kaɗai ba ne. A jerin manyan haɗurra goma na manhajojin intanet da OWASP ta fitar a 2021, karyewar iyakar wa zai ga me ita ce ta ɗaya. Hakan bai rage mini komai ba, domin akwai wayar da dole in buga.

Labarin da bai kai ƙarshe ba na wata 'yar uwa ce da ta girme ni. Kan mutuwar aure ne, kuma wanda ya san ta zai gane ba ƙirƙira ba ce zalla. Ta ajiye shi ne tana shawara da zuciyarta. Anti ta karanta shafi biyu kafin ta ankara. Na so in yi shiru, tunda na san Anti ba mai surutu ba ce, na kwana ina juya abin. Da safe na kira ta.

Na ce, "Yaya, laifi na yi miki," na zayyana mata komai. Ta jima ba ta ce uffan ba, sannan ta tambaya mutum nawa suka gani. Na ce na bi bayanan shiga ɗaya bayan ɗaya, mutum ɗaya ce. Ta ce to, ta gode da na faɗa.

A daren ta goge labarin daga shafin. Gasar bana ta shiga, amma ta WhatsApp ta tura wa sakatare nata.