Dakoro: ƙasar takobi da ƴar bindigar aljihu

Wanda ya baro Maraɗi ya miƙa arewa, ya wuce Kornaka, bayan tafiyar kilomita wajen 120 zai iske Dakoro, garin da Nasara suka mai da mazaunin mulki a 1947. Ran kasuwa, ga Buzu da takobi, ga Bafillace da sanda, ga maharbi da harba-ruga. Abin da ba a bajewa bisa tabarma shi ne ƴar bindigar aljihu.

A Turai kuwa tana da masoya. Suna farautar Browning ta 1900 da ta 1910, ƙirar Herstal ta ƙasar Beljik, su goge, su adana, su gwada harbi ran hutu. Da irin ta 1910 aka harbe yariman Otirish a Sarayebo cikin 1914. Akwai kuma Ruby, ƙirar Ispaniya, mai harsashi 7,65, wadda sojan Faransa ya sayi dubbai tun 1915.

Talakan nan bai gaje ta ba, domin yarjejeniyar Buruksel ta 1890 ta toshe wa baƙar fata makaman zamani, ta bar shi da bindiga mai ƙanƙara.

A Nijar mai tara bindigogi hukuma ce, CNCCAI, da aka kafa a 1994. Ba banza ba: a kwarin Tarka, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma, gardamar burtali da rijiya ba ta buƙatar ƙarin harsashi. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya tsinci irinta cikin akwatin gado, ya kai wa jandarma. Tsatsa ba ta zama izini.