Ziyara a Gaɓar Zomaye ta tsibirin Lampedusa

Tsibirin Lampedusa mallakar ƙasar Italiya ne, amma wanda ya duba taswira zai ga ya fi kusa da Afirka. Tsakaninsa da gaɓar Tunusiya kilomita 113 ne, alhali tsakaninsa da babban tsibirin Sisiliya kilomita 205. Faɗinsa wajen murabba'in kilomita 20 ne, mazaunansa kuwa kimanin dubu 6, akasarinsu masunta da masu saukar baƙi. Ba kogi, ba manyan itatuwa, sai fako da duwatsu da gajerun ƙayoyi. Mutumin Tawa ko Tanut da ya sauka nan ba zai yi baƙunta da ƙasar ba, sai dai da ruwan da ya kewaye ta.

Abin da ke kawo masu yawon buɗe ido shi ne wani lungun teku da ke kudancin tsibirin, yamma da gari, wanda ake kira Gaɓar Zomaye. Mota tana ajiye mutum a bakin hanya, daga nan sai ya gangara da ƙafa ta wata siririyar turba ta duwatsu, tafiyar kamar minti 20. Tun daga kan tudu zai hangi wurin baki ɗaya. Fararen duwatsu sun yi masa katanga dama da hagu, a tsakiya ga rairayi mai laushi kamar garin gero, a gaba kuma wani ɗan tsibiri ya tare igiyar ruwa, shi ya sa ruwan lungun ke kwance kamar na cikin ƙwarya. A bakin gaɓa ruwan garau yake, ana ganin kifaye suna gilmawa tsakanin ƙafafun mutane. Can gaba sai ya koma tsanwa-tsanwa, daga nan ya zama shuɗi kamar rinin baba. Gani ya kori ji.

Wurin yana da doka mai tsauri. Tun shekarar 1995 hukuma ta keɓe shi don kare halittu, kuma ƙungiyar Legambiente ce ke lura da shi. Dalili shi ne kunkurun teku. A watannin zafi macen tana fitowa da dare, ta haƙa rami a cikin rairayi, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe, ta koma ruwa. Zafin rana ne ke ƙyanƙyashe su bayan kamar wata biyu. Saboda haka ake ƙayyade yawan masu shiga a lokacin cunkoso, ana rufe gaɓar da dare, masu aikin sa kai kuma suna gadin kowane rami.

A farkon shekarar 2013 masu amfani da shafin TripAdvisor suka zaɓi wannan gaɓa a matsayin wadda ta fi kowace kyau a duniya. A cikin wannan shekara kuma, da asubahin ranar 3 ga Oktoba, wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Misrata ta ƙasar Libiya, ɗauke da mutane fiye da 500, ya tsaya cak kusa da ɗan tsibirin nan. Aka cinna wa bargo wuta don a jawo hankalin mutanen tudu, wutar ta kama man da ya zube, jama'a suka ruga gefe guda, jirgin ya kife. Mutum 368 suka rasu, galibinsu ƴan Eritiriya, 155 suka tsira. Suna hangen fitilun tsibirin ajali ya cim musu.

Mai karatu zai tuna cewa a ƙarshen wannan wata na Oktoba ne aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su, ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Waɗancan ruwa ya ci, waɗannan rashin ruwa, amma abin da ya fitar da su daga gida ɗaya ne. Da yawa daga cikin ƴan Afirka ta Yamma da ke isa Lampedusa ma ta Agadas suka ratsa.

Shi ya sa bai kamata baƙo ya tsaya ga wanka da ɗaukar hoto kaɗai ba. A kusurwar kudu maso gabashin tsibirin akwai wata ƙofa mai tsawon kusan mita 5, ba gida a bayanta, ba bango a gefenta. Ana ce mata Ƙofar Turai, an kafa ta a 2008 don tunawa da waɗanda teku ta haɗiye. Wanda ya tsaya a cikinta ya fuskanci kudu, Afirka yake kallo.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da Allah ya hore wa biza yana iya zuwa ta jirgin sama daga Palermo cikin kamar awa guda. Ƙaninsa da ba shi da wannan takarda, shi ne ke sayar da gona ya biya masu fasa-ƙwaurin mutane, ya kwana a kan ruwa cikin kwale-kwalen roba. A Gaɓar Zomaye ƙwan kunkuru ya samu doka da masu gadi. Wajibi ne hukumominmu da masu hannu da shuni su dubi abin da ke korar matasa daga gida, su kuma iyaye su riƙa tambayar hanyar da ɗansu zai bi kafin su sa masa albarka. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.