Mako Uku A Cikin Mota Mai Ɗaki

Mu mutanen zango 'ya'yan tafiya ne. Goro ne ya kawo kakanninmu daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga, yaƙin basasar da aka yi a can a shekarar 1892 kuma ya watsa su zuwa Kete-Krachi da Yeji da Ankara, daga baya har Kumasi. Amma kowace tafiya tamu da dalilinta: ko fatauci, ko neman ilmi, ko aikin Hajji, ko biki, ko ta'aziyya. Idan mutum ya ce zai ɗauki matarsa su yi mako uku a hanya don kallon ganyen itace, sai a fara tambaya ko lafiyarsa ƙalau. To, jama'a, irin wannan tafiya ce ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa Alhaji, ya yi da uwargidansa Hajiya a ƙasar Amurka cikin watan Oktoba na 2022. Labarinta nake so in ba ku, kamar yadda su biyun suka ba ni shi, ɗaya na faɗa ɗaya na gyarawa.

Baffa ya tafi birnin Niyok a 1991, ya zauna a unguwar Bronx inda mutanen Ghana suke da yawa, ya yi shekara 30 yana tuƙin tasi. Babu lungun da bai sani ba a birnin, amma bai taɓa kwana a dajin ƙasar ba ko sau ɗaya. Da ya ajiye aiki sai magana ta taso a gidan. Shi ya gama gininsa a Aboabo, yana so ya dawo gida ya ƙarasa kwanakinsa kusa da kabarin iyayensa. Ita kuwa Hajiya jikokinta biyar duk a can aka haife su, ta ce ba ta ga abin da zai raba ta da su ba. Magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, har ta kai ga a ci abinci a tashi ba wanda ya ce uffan. Babbar 'yarsu ce ta yi dabara: ta yi musu hayar mota mai ɗaki, ta ce su je inda babu baƙi, babu masu shiga tsakani, su ƙare zancensu.

Ita wannan mota, gabanta kamar ƙaramar motar kaya, bayanta kuwa ɗaki ne sosai. Akwai gado, da murhun gas, da firiji, da ɗan teburi, da banɗaki wanda Hajiya ta ce mai ƙiba ba ya iya juyawa a ciki. Ƙarƙashinta akwai tankin ruwa mai tsabta da na ƙazanta, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an nemi wurin da aka tanada a zubar da wannan a cika wancan. Baffa ya ce a nan ya tuna darajar ruwa, domin alwala ma da ƙaramar buta suke yi kamar zamanin da famfon unguwa ke ɗaukewa. Hajiya ta yi guzurin gari da shito da busasshen kifi da wake da shinkafa, don ta san naman yanka zai yi wuyar samu a ƙauyukan tsauni.

Me ya sa sai watan Oktoba? Mu a wurinmu kaka lokacin girbi ne. A can ma haka ne, sai dai akwai ƙari. Idan rana ta fara gajarta, sanyi ya fara shigowa, itatuwa sukan daina yin sinadarin nan kore da suke haɗa abincinsu da shi. Da koren ya gushe sai launin rawaya da na ruwan goro da ke ɓoye a cikin ganyen su bayyana, wasu itatuwan kuma su yi ja wur, kafin ganyen ya zube baki ɗaya. Abin yakan fara daga ƙololuwar tsauni ya gangaro, kuma daga arewa ya yi kudu. Saboda haka mai tafiya kudu sannu a hankali, shi da launin suke tafiya tare.

Wuni guda suka yi daga Niyok zuwa garin Front Royal a jihar Bajiniya, inda hanyar da ake kira Skyline Drive ta fara. Tsawonta kilomita 169 ne, tana bin doron tsauni a cikin gandun dajin Shenandoah, kuma doka ta hana gudun da ya wuce mil 35 a awa. Wannan ya dami tsohon direban tasi ƙwarai a ranar farko. Hajiya ta ce masa, “Alhaji, wane fasinja ne ke jiranka?” Daga nan ya saki jiki. Akwai wurin tsayawa kusan 70 a gefen hanyar, inda mutum zai hango kwari da gonaki can ƙasa, daji kuwa kamar an baza atamfofi a rana. Da dare sukan kulle abinci a mota saboda baƙar dabbar nan beyar, wadda ƙanshin abinci ke jawowa sansani.

Sun kwana uku a sansanin da ake kira Lewis Mountain. A can suka karanta a jikin allo cewa asalin wurin an keɓe shi ne don baƙar fata, zamanin da ba a yarda su sauka wuri ɗaya da Turawa ba, kuma sai a 1950 aka gama kawar da wannan bambanci a gandun. Baffa ya ce ya daɗe tsaye gaban allon, yana lissafin cewa shekara shida kacal ke tsakanin wannan da haihuwarsa.

Abin da ya fi taɓa su kuwa wata 'yar maƙabarta ce da suka iske a cikin daji, ba gida ko ɗaya kusa da ita. Ashe kafin a kafa gandun a 1935 akwai mutane a kan tsaunin, manoma masu gonakin masara da tuffa. Hukumar jihar ta karɓe filayen, aka tashi iyalai kusan 500, wasu da son ransu, wasu da ƙarfin doka. Gidajen sun rushe, daji ya cinye gonakin, amma maƙabartu fiye da 100 suna nan, kuma har yanzu akwai zuriyar da ke zuwa share na kakanninsu. Nan Baffa ya ba Hajiya labarin da bai taɓa ba ta ba. A watan Nuwamba na 1969, yana ɗan shekara 13, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana. Ya ga maƙwabtansu, waɗanda a Kumasi aka yanke musu cibiya, suna sayar da gado da tukwane a wulaƙance, suna hawa manyan motoci zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Ya ce tun ranar ya ƙudurta cewa ba zai mutu a inda takarda ce kaɗai ta ba shi izinin zama ba. Hajiya ta ce shekara 38 suna tare, sai ran nan ta gane ba ginin Aboabo ne ke kiransa ba.

Daga inda Skyline Drive ta ƙare, a Rockfish Gap, wata hanyar ta ɗora, wato Blue Ridge Parkway. Ita kilomita 755 ce, kusan nisan Ankara zuwa Bolgatanga. An fara gina ta a 1935, zamanin Shugaba Roosevelt, don sama wa marasa aiki abin yi lokacin karayar tattalin arziki, ba a kuwa gama ta ba sai 1987. Manyan motocin kaya ba sa bin ta, babu allunan talla, kuma mai neman fetur sai ya gangara gari. Ramuka 26 aka fasa mata cikin duwatsu, kuma kafin a shiga kowanne sai Hajiya ta duba takarda ta tabbatar rufin motarsu zai wuce. A yawancin wuraren waya ba ta kamawa, saboda haka taswirar takarda ta koma hannunta. Mutumin da ya yi shekara 30 ba ya tambayar kowa hanya, ga shi yau yana cewa, “Hajiya, dama ko hagu?”

Tafiyar ba daɗi ce zalla ba. Sansanonin da ke kan hanyar ba su da wurin jona wa mota wuta, da asuba kuwa sanyi har cikin ƙashi. Wata rana a Karolina ta Arewa hazo ya rufe su har ba su ganin gaban motar, suka tsaya awa huɗu a gefen hanya, ga rami a dama ga dutse a hagu. Salla kuwa ƙasaru suka riƙa yi, suna fuskantar arewa maso gabas, don nan ce alƙiblar wannan yanki. Juma'a ɗaya sun gangara birnin Roanoke sun same ta cikin jam'i. Sun kuma hau tsaunin Mitchell, mai tsawon mita 2,037, wanda babu kamarsa a duk gabashin kogin Misisipi. A can sama ganye ya riga ya zube, alhali a ƙasa yana tsakiyar kyansa.

Hanyar ta ƙare a kusa da garin Cherokee, sunan ƙabilar da ke da wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa. A 1838 sojoji suka tattara kimanin mutum 16,000 daga cikinsu, aka kora su yamma zuwa inda ake kira Oklahoma a yau, kuma an ƙiyasta wajen 4,000 sun mutu a sanadin wannan ƙaura. Wasu kaɗan suka tsira a cikin tsaunuka, daga baya aka sayi filin da zuriyarsu ke zaune a kai yanzu. Suna da rubutunsu na kansu, wanda wani mutuminsu mai suna Sequoyah ya ƙago a 1821, kuma allunan titin garin da harshe biyu aka rubuta su. Duk da haka masu jin harshen sosai sun zama ƙalilan, yawancinsu tsofaffi, har sai da aka buɗe makaranta ta musamman don koya wa yara. A nan jikin Hajiya ya yi sanyi. Mutanen da ba su bar ƙasarsu ba ma ga yadda harshe ke neman kuɓuce musu, ina ga jikokinta da in ta ce “zo nan” sai su amsa da Turanci? Ta ce wa Baffa, “Kai kana tsoron inda za a binne ka, ni ina tsoron ranar da ba mai yi mana addu'a da bakinmu.”

A kan hanyar komawa suka yanke shawara. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin sanyin can, suna Kumasi su biyu. Sauran watannin suna Bronx, kuma ranar Lahadi duk jikan da ya shigo gidan Hausa zai yi. Idan an yi dogon hutu kuma, biyu daga cikin jikokin za su zo Aboabo bi da bi. Ba kowa ne ya samu duk abin da yake so ba, amma an koma cin abinci ana hira. Sun shiga Niyok bayan kwana 22, sun ci kusan kilomita 3,000. A watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta yi wa sashen hanyar da ke Karolina ta Arewa mummunar ɓarna, ta zubar da itatuwa ta zaftare titi, wasu wuraren da suka tsaya ma sun canza kama.

Ban ce kowa ya nemi mota mai ɗaki ba, don ba mu da ita, ba mu da kuɗinta. Amma nawa ne daga cikinmu suka taɓa ɗaukar iyalinsu zuwa Salaga, su ga tsofaffin rijiyoyin garin da wurin kasuwar da kakanninmu suka ci, har da cinikin bayin da aka yi a cikinta? Daga Kumasi wuni guda ne. Matanmu da yawa ba su san hanya ba sai ta asibiti da gidan biki, 'ya'yanmu kuwa a makaranta ina ganin yadda Hausarsu ke raguwa shekara bayan shekara. Idan an gama girbi, hanya ta bushe, a daure a fita tare ko da na kwana biyu ne. Akwai maganar da ba ta faɗuwa a tsakar gida.

Allah ya bar zumunci, ya kai matafiya gida lafiya. Wassalam.