Ruwan da ke kan Kufena

Ni nake zura wa Kawu zare a allura. Tun ina ɗan shekara tara aikina ke nan a zauren gidan kakana a Ƙofar Gayan, inda yake zama kan buzu da riga shimfiɗe a cinya. Maɗinkin hannu ne, irin waɗanda birnin Zariya ya yi suna da su, masu aska biyu da aska takwas, kuma riga ɗaya takan ci masa watanni. Idan la'asar ta yi idonsa yakan yi ja, ya miƙo mini allura da zaren tsamiya ba tare da ya ce uffan ba.

A ƙarshen daminar 1988, shekarar da ruwa ya yi yawa har madatsar Bagauda ta ɓalle a Kano, wata Laraba da yamma ya ajiye riga ya ce, "Gobe za ka raka ni Kufena. Akwai tafki a kan dutsen, bana na san ya cika."

Iya ba ta so ba. Ita a saninta Kufena mazaunin iskoki ne, haka ta ji daga nata iyayen, kuma ba ita kaɗai ba ce mai wannan ra'ayi a cikin birni. Kawu ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya ce, "Yaya, hawan ba wuya, ko tsohuwa ta hau. Kafin la'asar zan dawo miki da shi." Ta yi shiru. Da asuba sai ga fura ta dama ta zuba a gora, ta ƙulla dafaffiyar gyaɗa a ƙyalle, ta dafa kaina ta yi addu'a mai tsawo.

Muka fita ta ƙofa, muka bi gindin ganuwa ta waje. A lokacin gonaki ne ke kewaye da birni ta wannan ɓangaren, an girbe gero, dawa ta fi Kawu tsawo, raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa. Muka wuce Ƙofar Kuyambana, muka tsallake titin Kaduna, muka shiga Wusasa hantsi bai gama dubi ba. Nan Kawu ya nuna mini cocin ƙasa da 'yan mishan suka gina bayan sun taso daga cikin birni a 1929, ginin laka irin na magina Hausawa, ya ce a garin nan Janar Gowon ya yi ƙuruciya. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta gaishe shi da Hausa tsantsa irin tamu, ta tambayi mutanen birni, ta ƙara mana biyu gyara.

Daga Ƙofar Gayan Kufena kamar wata tukunya ce da aka kife a yamma, inda rana take faɗawa. Sai da na tsaya a gindinsa na san ba dutse ɗaya ba ne. Manyan duwatsu ne a ɗore kan juna, da gamji da ya kafa saiwa a tsaga, da falale mai faɗi wanda ruwa ya zana wa baƙin layi. Kafin mu fara hawa Kawu ya tsaya kan wani dogon tudu da ciyawa ta rufe, ya buga ƙafa. "Ganuwa ce wannan," in ji shi. "Ta Amina." Ya ce kafin a zauna inda birni yake yau, mutanen Zazzau sun zauna a Turunku, sun zauna a nan Kufena. Na duƙa na tsinci tsingaro mai zane kamar an danna masa igiya tun yana ɗanye. Har yau ina tuna sanyinsa a tafin hannuna, da yadda Kawu ya ce in mayar da shi inda na ɗauka, mai tukunyar bai ba ni ba.

Gaskiyar Kawu, hawan ba wuya. Ya cire takalmi ya rataya a wuya, ni ma na cire, don tafin ƙafa ya fi kama dutse. Ba ya miƙewa sama kai tsaye, sai ya riƙa karkacewa hagu da dama yadda awaki suke yi. Sau biyu kawai na dafa da hannu. Ƙadangaru suna ta gyaɗa kai, wata rema ta leƙo daga kogo ta koma.

Sai ga ruwan.

Faɗinsa bai fi tsakar gidanmu ba, zurfinsa a tsakiya ya kai ƙugun babba. Amma ni yaron birni ne, ruwan da na sani shi ne na kududdufai da aka haƙa ƙasar gini, kore, mai kainuwa, da jan ruwan Kamaca idan an yi sama. Wannan kuwa garau yake, ana ganin yashin ƙasansa, talibambam suna yawo a gefe, gajimare kwance a tsakiyarsa. Na tambayi Kawu ta ina yake ɓuɓɓugowa. Ya ce ba idon ruwa ba ne, na sama ne zalla. Irin wannan dutse ba ya shan ruwa, inda ya yi kwarmi sai ruwa ya kwanta, kwanciyar tana ƙara cin dutsen a hankali shekara da shekaru, kwarmin yana ƙara faɗi. Idan hunturu ya kama, iska da rana su shanye shi, sai busasshiyar laka. Shi ya sa yake zuwa a wannan tsakanin, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazo ya sauko.

Ya yi bisimilla, ya kamfata da hannu biyu ya wanke fuska sau uku. Sannan ya juya gabas ya zauna, ya ce, "Ɗan nan, zo ka ga garinku."

Ban taɓa ganin Zariya gaba ɗaya ba sai ranar. Na san lunguna, na san hanyar kasuwa da ta ƙofar fada, inda muke tsayawa kallon hawan Sarki Shehu Idris da salla, amma ban san birnin yana da siffa ba. Ga ganuwa ta zagayo, wani wuri a tsaye wani wuri ta zube, ga rimaye sun yi wa gidaje rumfa har ba a ganin soraye sosai, ga dutsen Madarkaci a ciki. Can arewa dogon benen jami'a a Samaru yana ƙyalli. Na yi ta neman gidanmu ban samu ba. Kawu ya ɗaga yatsa ya bi zagayen ganuwar a iska, ya ce, "Ka ga tambari?" Na duba, wallahi shi ne, zagayayyen zanen nan da yake yi a ƙirjin riga da bayanta.

Mun daɗe a zaune. Ba ya magana, idonsa a can nesa inda gonaki suka haɗu da sama. Da na ƙosa na tambaye shi abin da yake kallo, ya ce ba kome. Wanda ya shekara yana duban abin da bai wuce taƙi ɗaya daga hancinsa ba, in ji shi, dole ya kawo idonsa kiwo. Na yarda da maganar nan tun a lokacin, kuma da na girma na kama aikin takarda na ƙara yarda da ita.

Muka sha fura, muka ci gyaɗa, ya tattara ɓawon ya zuba a aljihu. Da rana ta karkata ya yi alwala da ruwan tafkin ya ja mu sallar azahar a kan falale, dutsen yana ƙona mini goshi. Na ɗauraye gorar na cika ta.

Yanzu gonakin da muka ratsa gidaje ne, kuma ganuwar da muka bi gindinta ta ƙara lalacewa, abin da yake ci mini rai duk sanda na wuce. Kawu ya rasu da daɗewa.

Ranar dai mun iso gida ana kiran la'asar. Iya ta duba ni sama da ƙasa, ta karɓi gorar, ta buɗe ta sansana, ta tambaya ko an yi bisimilla kafin a ɗebo. Na ce an yi. Ba ta sha ba, ta zuba a gindin lallenta. Washegari bayan an sauko daga Juma'a na zauna a zaure kusa da buzu ina jiran a miƙo mini allura. Kawu ya lashi bakin zaren, ya ɗaga allurar saitin ƙofa, ya zura da kansa.