Notin da ya ƙi kwancewa

Motar da ta tsufa a Kano ba ta cika yin tsatsa ba. Ƙura ce ke damunta, rana ta ƙone mata fenti, ramuka su lalata mata ƙafa, amma in ka shiga ƙarƙashinta za ka tarar da notukanta a bushe, da ka ɗora sufana sai su biyo ka. A zamanin da muka koyi aiki, Fijo ce ta cika gareji, yawanci daga kamfanin PAN da ya fara haɗa mota a Kaduna a 1975. Bambar 504 ƙarfe ce tsantsa, notukan da ke riƙe da ita ba su da yawa, kuma hannu yana kaiwa gare su ba wahala. Yaron da bai daɗe da fara koyo ba ma yana iya sauke ta kafin maigidansa ya dawo daga masallaci.

Sai motocin Kwatano suka shigo, Golf da Vectra da Sharan daga Turai, daga baya Camry da Accord da Sienna daga Amurka da Kanada. A waɗancan ƙasashe, in hunturu ya yi, gishiri suke watsa wa titi don ya narkar da ƙanƙara. Taya ta kwaso ruwan gishirin ta fesa wa ƙarƙashin mota, shekara da shekaru. Sai ka ga mota tana sheƙi daga sama, kujerunta kamar ba a taɓa zama a kai ba, amma ƙasanta ja wur. Mai ita ba zai sani ba sai ran da mai Adaidaita Sahu ya goge masa bamba, shi kuma ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo wata, ya kawo mana yana cewa, "Baba, a ɗan canza mini yanzu, ina da ɗaurin aure ƙarfe biyu."

Bambar yanzu kashi biyu ce. Ta waje roba ce, 'yan maƙalai na roba da ƙananan notuka masu lamba 10 ne ke riƙe da ita, in sun karye ba asara ba ce. Amma a bayanta akwai ƙarfen da ya gitta, wanda shi ne ke karɓar duka in an yi karo, kuma an ɗaure shi ne a bakin casis da manyan notuka. Rigimar duk a nan take.

Abin da yara ba sa ganewa da wuri shi ne tsatsa kumbura take yi. Ƙarfen da ta ci yakan fi yadda yake a da girma, sai ta cike 'yar tazarar da ke tsakanin zaren noti da ramin da ya shiga, su zama abu ɗaya. A lokaci guda kuma ta rage wa notin ƙwari, ta zaizaye masa kusurwoyin kai. Wato ya ƙara riƙewa, ya kuma ƙara rauni. To wanda ya zo wa irin wannan da ƙarfin damtse, me yake tsammani?

Ni dai in aka kawo mini irin wannan aiki, ba na fara ɗaukar sufana. Burushin waya nake ɗauka in goge kan notin da wutsiyarsa da ta leƙo ta baya, domin duk dattin da ke kan wutsiyar nan sai ya ratsa ta cikin ramin kafin notin ya fita. Sannan in fesa mai. Mai hali ya sayi WD-40, marar hali kananzir ko man dizal ya wadatar. Wasu man birki suke zubawa, yana aiki kuwa, sai dai yana cin fenti, in ya ɗiga a jikin motar mutane ka jawo wa kanka magana. Daga nan in ɗan ƙwanƙwasa kan notin da guduma, ba don in lanƙwasa shi ba, don tsatsar ta tsattsage man ya sami hanya. Sai in tafi wani aikin. In da hali ya kwana, da safe a ƙara masa. Jiran nan shi ne abin da ya fi wa matashi wuya a duk sana'ar, ya fi ɗaukar giyabos.

Sufanar ma sai an zaɓa. Mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa, da ka matsa sai ta zame ta murje kan notin ya koma kamar ƙwallo. Soket mai kusurwa shida ita ce ta wannan aiki. A kuma san asalin motar: Japanawa suna son lamba 12 da 14, Turawa 13 da 17, tsofaffin motocin Amurka kuma da inci suke awo. Rabin inci ya ɗan gaza lamba 13 da kaɗan, to wannan kaɗan ɗin ya isa ya kashe noti. In tsatsa ta rage kan, sai ka ɗauki soket ɗin da ta fi ƙanƙanta ka buga ta da guduma ta zauna daram.

Kafin ka kwance, ɗan ƙara ɗaure shi tukuna, kaɗan ƙwarai. Sannan baya, sannan gaba, ka ƙara mai, haka har ya fara tafiya. A nan ne hannu yake koyon abin da baki ba ya iya koyarwa. Notin da zai fita yakan yi ƙara, ya ce ƙas, ya riƙa kuka yana tahowa da tauri. Wanda zai karye kuwa shiru yake yi, sai ka ji sufanar ta yi laushi a hannunka, tana tafiya sumul. Yaro ya ji haka sai ya yi murna ya ce, "Oga, ya taho!" Bai taho ba, wuyansa ne ke murɗewa. Da ka ji wannan laushin, ka tsaya cak. Shi ya sa ba na son in ga an zura dogon fayif a hannun sufana tun da farko. Fayif yana ninka maka ƙarfi, amma yana ɗauke maka jin abin da notin ke faɗa.

In mai da haƙuri sun gaza, sai wuta. Mai walda ya kawo tocilan ɗinsa na kabaid ya gasa wurin da zaren ya shiga, ƙarfen ya buɗe, tsatsar ta saki. Amma a duba abin da ke kewaye. A gaba akwai lagireto da kwandansan AC da wayoyi, a motoci da yawa har da na'urar da ke sanar da jakar iska cewa an yi karo. A baya kuwa tankin mai ne da bututunsa. Man da ka fesa ɗazu ma yana kamawa. A cire kan batir, a ajiye ruwa ko yashi kusa, a janye duk wata roba. Na ga motar da aka kawo don bamba ta bar gareji a bayan janwe.

Wani lokaci duk ka bi ƙa'ida, ya karye. Abin sai ya zama kamar ƙayar da ta karye a tafin ƙafa, guntun da ya rage a ciki ya fi dukkanta wahalar cirewa. In ya ɗan leƙo, a ɗora masa wani noti a cika tsakiyarsa da walda. Zafin ya taimaka, ga kuma sabon kai da sufana za ta kama. In ya karye a ciki, sai a buga masa alama a tsakiya daidai, a fara huda shi da siririn bakin injin huji, a riƙa ƙara girma. Akwai wani ɗan ƙarfe mai zaren hagu da ake sayarwa don zaro irin wannan guntu. Ina jin tsoronsa, don yana da tauri amma ba ya jure murɗa, in ya karye a ciki bakin huji na yau da kullum ba zai ci shi ba. Mafi ban haushi shi ne notin da kamfani ya liƙa da walda a cikin casis, inda hannu ba ya shiga. In ya ɓalle, sai abin ya yi ta juyawa, ba ya fita ba ya ɗauruwa, dole a nemi ƙofa ta baya ko a yanke kan da giranda.

Rabin notukan da ake karyawa a gareji, ba tsatsa ce ta karya su ba, mai mota ne da ya tsaya a kan bakanike yana duba agogo. Bakaniken kuma ya riga ya yi ciniki a kan aikin minti talatin, yana jin kunyar ya ce abin ya canza. Sauri ya haifi nawa. Ni tun kafin in taɓa, nakan kira mutum in haska masa wurin da fitila in ce, "Alhaji, ka ga wannan? Ko ka bar ta ta kwana, ko ka tafi ɗaurin aurenka da tsohuwar bambar ka dawo gobe." Wasu su yi fushi su tafi wani garejin. Wasu daga cikinsu kuma in sake ganinsu bayan kwana biyu, an ɗaure musu ƙarfen da waya.

Wajen mayarwa ma ana ganin wanda ya iya aiki. Notin da tsatsa ta ci wuyansa ba ya komawa. A nemi sabo, a duba lambar da aka buga a kansa, 8.8 ko 10.9, a sa daidai da wanda aka cire, domin notin da kafinta ke haɗa gado da shi ba zai riƙe ƙarfen da ake so ya tare karo ba. A share ramin, a shafa wa zaren ɗan giris, a fara ɗaurawa da yatsu kafin a sa sufana. Kada a matse ko ɗaya sai duk sun shiga, an kuma tsaya daga nesa an ga bambar ta yi daidai da fitilu da bonet, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya.